Dage da Iyalinsa: Nazarin Zamantakewar Dabbar da Matsalar Fassara Sunanta

1.0 Gabatarwa

Daga cikin sassan ƙamusun Hausa da suka fi buƙatar gyara akwai sunayen namun daji. Dalili kuwa shi ne, mai tsara ƙamus yakan gaji kalma daga wanda ya gabace shi, ya kuma gaji fassararta, ba tare da ya koma ga dabbar ya duba yadda take rayuwa ba. Muddin masu magana da harshen suna ganin dabbar, wannan giɓi ba ya yin illa, domin abin da ƙamus ya rage ido yana cikewa. Amma idan dabbar ta yi nisa da mutane, ƙamus da littafin makaranta su ne kaɗai shaidun da suka rage, kuma duk kuskuren da suka ɗauko shi zai zama sanin 'yan baya.

Wannan maƙala za ta dubi dabba guda, wato dage. Za a yi bayanin zamantakewarsa da yadda yake renon ɗansa, a kwatanta shi da wata dabbar Turai da ake fassara sunanta da nasa, sannan a nuna yadda wannan fassara take shigo da siffar iyali da dage bai san da ita ba. An ɗauki Tungan Maje a matsayin misalin wurin da matsalar take fitowa fili.

2.0 Tungan Maje da Dajinta

Tungan Maje tana cikin Ƙaramar Hukumar Gwagwalada, a kan hanyar da ta haɗa Zuba da Gwagwalada, cikin Yankin Babban Birnin Tarayya da aka ƙirƙiro a 1976. Sunan garin kansa ya nuna asalinsa, domin tunga a Hausa ƙaramin mazauni ne da manoma ko masunta ko mafarauta suke kafawa a bakin daji. Ƙasar yankin mai dogayen ciyayi ce da itatuwa jefi-jefi, ga duwatsu da ƙoramu da suri, wato irin dajin da dage yake samun abin da yake buƙata: ƙasar da za ta tonu, da ƙananan dabbobi, da zuma.

Tun da aka dawo da mazaunin gwamnati Abuja a watan Disamba na 1991, gidaje da gonaki da hanyoyi suka yi ta cin wannan daji. A ɗaya ɓangaren kuma, jama'a suka ƙaru, Hausa ta ci gaba da zama harshen kasuwa da tasha tsakanin Gbagyi da Koro da Gwandara da Fulani da baƙin da aiki ya kawo daga kowace kusurwa ta ƙasa. Sakamakon haka shi ne kalmomin Hausa suna yaɗuwa a daidai lokacin da dabbobin da suke nufi suke ja da baya. Yaron da ya tashi a irin wannan gari zai fi saurin haɗuwa da dage a littafi ko a talabijin fiye da a bayan gari. Saboda haka abin da malaminsa ya faɗa masa shi ne zai riƙe.

3.0 Wane ne Dage?

Dage dabba ce gajera mai faɗin baya da ƙarfin gaba. Cikinsa da ƙafafunsa baƙaƙe ne, bayansa kuwa fari-fari ne ko ruwan toka tun daga ƙeya har gindin wutsiya, kamar an yafa masa mayafi. Namiji yakan kai nauyin kilo 9 zuwa 16, mace kuwa kilo 5 zuwa 10. Yana da dogayen farata a ƙafafun gaba waɗanda yake tono da su, da fata mai kauri wadda ba ta manne da jiki sosai ba, har idan an cafke shi ta baya yana iya juyawa a cikinta ya yi cizo. Masana kimiyyar dabbobi suna kiransa Mellivora capensis. Schreber ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1776, kuma kalmar farko ta sunan tana nufin mai cin zuma a Latin. Yana cikin dangi ɗaya da bodari da karen ruwa. Ana samunsa a mafi yawan ƙasashen Afirka, da Larabawa, da Iran, har zuwa Indiya. Ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo kalmar dage, littafin Rosevear na 1974 kan dabbobi masu cin nama na Afirka ta Yamma da na Happold na 1987 kan dabbobin Nijeriya masu shayarwa kuma sun yi bayanin dabbar.

Abincinsa ya haɗa da ɓeraye, da ƙadangaru, da kunamu, da ƙwai, da macizai har masu dafi irin su kasa da gamsheƙa. Wani bincike da Drabeck da abokan aikinta suka buga a 2015 ya nuna cewa akwai wani sauyi a mahaɗar jijiya da tsokar dage wanda yake hana dafin wasu macizai kama shi yadda yake kama sauran dabbobi. Idan ya fasa saƙar zuma kuwa, 'ya'yan zumar da ke cikin saƙar yake nema tare da zuman.

Ya kamata a ja hankali a nan cewa a rubutun yau da kullum, wanda ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, sunan dage da aikatau dage mai ma'anar nacewa suna fitowa iri ɗaya. Da yake dabbar ta shahara da taurin kai, akwai jarabar a ce daga aikatau aka samo sunan. Kamannin rubutu kaɗai ba ya isa hujja ga mai nazarin asalin kalma.

4.0 Zamantakewar Dage

Bayanin da ya fi zurfi game da rayuwar dage a daji ya fito ne daga aikin Colleen Begg da Keith Begg, waɗanda suka bi sawun wasu daga cikin dabbobin a kudancin hamadar Kalahari daga 1996 zuwa 1999. Sun sanya musu na'urar rediyo, suka saba da su har suna iya bin su a kusa dare da rana. Abin da ke tafe an gina shi ne a kan sakamakon wannan aiki.

4.1 Zaman Kaɗaici da Faɗin Makiyaya

Dage babba shi kaɗai yake farauta, shi kaɗai yake kwana. Ba shi da gida tsayayye. Inda gajiya ta same shi nan yake tona rami, ko ya shiga tsohon ramin dabgi ko na beguwa, gobe kuma ya ƙara gaba. Filin da namiji guda yake yawo a cikinsa a Kalahari ya kai kimanin murabba'in kilomita 541, na mace kuma kimanin 126. Domin a gane girman wannan, faɗin Ƙaramar Hukumar Gwagwalada gaba ɗaya murabba'in kilomita 1,000 ne da 'yan kai, wato namiji guda zai iya ratsa kusan rabinta. Kalahari ƙasa ce mai fari, abinci a warwatse yake, don haka bai dace a ɗauko waɗannan alƙaluma a ɗora wa dajin tsakiyar Nijeriya kai tsaye ba. Duk da haka suna nuna cewa dabba ce mai buƙatar sarari, kuma daji ƙanƙane da gonaki suka kewaye ba zai riƙe ta ba.

Dage ba ya tsare iyaka. Filin namiji guda yakan haɗe filayen mata da dama, ya kuma shiga na wasu maza. Matan ma filayensu suna shiga juna, sai dai suna kauce wa haɗuwa: idan wannan ta bi wuri yau, waccan sai wani lokaci.

4.2 Sadarwa ta Hanyar Wari

Dabbar da take yawo ita kaɗai a fili mai faɗi haka tana buƙatar hanyar sanin inda 'yan uwanta suke. Dage yana yin wannan ne da wari. Akwai wasu wurare sanannu, galibi gindin wata itaciya, inda maza suke zuwa su yi kashi da fitsari, su goga ciki da wuya a ƙasa, su bar wani ruwa mai wari da yake fita daga wata 'yar jaka a gindin wutsiya. Wanda ya zo daga baya sai ya sunsuna ya san wanda ya riga shi. Mace ba ta cika zuwa waɗannan wurare ba sai lokacin da take neman namiji, kuma daga nan ne maza suke ɗaukar sawunta. A sauran lokuta takan ɗiga fitsari kaɗan-kaɗan a ramukan da ta tona, kuma ana ganin wannan ne yake taimaka wa mata su kauce wa juna.

Wani lokaci akan ga maza biyu zuwa biyar suna tafiya tare, musamman a kewayen waɗannan wurare ko a kan sawun mace. A tsakaninsu akwai manya da ƙanana, kuma manyan sukan kasance da wani tabo a tsakiyar baya wanda ake dangantawa da cizon da suke yi wa juna. Wannan haɗuwa ta ɗan lokaci ce, ba ta zama ƙungiya.

4.3 Uwa da Ɗa

Namiji da mace sukan kasance tare a rami na 'yan kwanaki kawai, daga nan kowa ya kama gabansa. Cikin yakan ɗauki kwana 50 zuwa 70, kuma a Kalahari ba a ga wani lokaci na musamman na haihuwa ba, ana samun jarirai a kowane yanki na shekara. A duk haihuwar da masu binciken suka gani, ɗa guda ne uwa ta fito da shi. Uba ba ya kawo abinci, ba ya tsaro, ba ya koyarwa.

A watanni ukun farko ɗan yana rami, uwa tana fita farauta ta dawo ta shayar da shi, kuma bayan 'yan kwanaki sai ta ɗauke shi a baki ta kai shi sabon rami. Daga nan sai ya fara bin ta. Yakan zauna tare da ita wata 12 zuwa 16, wanda lokaci ne mai tsawo ƙwarai ga dabba mai wannan girma. Dalilin shi ne farautar dage sana'a ce da sai an koya: sanin ramin da ke da ɓera da wanda babu kowa, toshe ƙofa ɗaya a tona ɗaya, hawan itace, da kama maciji ba tare da an yi asarar rai ba. Ɗan yana kallon uwarsa yana gwadawa, ita kuma tana ci da shi har ya ƙware. Duk da wannan kulawa, kusan rabin 'ya'yan da aka bi sun mutu kafin su rabu da iyayensu, saboda yunwa ko manyan namun daji ko kisan wasu maza.

A nan ne wani tsohon kuskure ya warware. An daɗe ana rubuta cewa dage yana zaman miji da mata, domin akan ga biyu suna tafiya tare, ɗaya babba ɗaya ƙarami. Binciken ya nuna cewa sau da yawa uwa ce da ɗanta namiji, wanda kafin ya rabu da ita yakan fi ta girma. Mai kallo daga nesa sai ya ɗauki ɗan a matsayin miji.

5.0 Dabbar Turai da Ake Kira da Sunan Dage

Kalmar Ingilishi badger, idan Baturen Ingila ya furta ta, tana nufin wata dabba ce mai suna Meles meles, mai zane baƙi da fari a fuska, wadda babu ita a dajin Nijeriya. Za a kira ta dagen Turai a wannan maƙala. Ita ce take fitowa a littattafan yara na Ingilishi da shirye-shiryen talabijin, kuma ita ce Birtaniya ta yi wa dokar kariya ta musamman a 1992.

Hans Kruuk ya yi nazarinta a dajin Wytham kusa da Oxford a shekarun 1970, ya kuma fitar da littafi a kanta a 1989. A Ingila dagen Turai yana zama ne ƙungiya-ƙungiya, galibi manya biyar ko shida, wani lokaci fiye da 20, maza da mata. Suna da gida guda a ƙarƙashin ƙasa mai ƙofofi da ɗakuna da yawa, wanda zuri'a take gada daga zuri'a har shekaru aru-aru, suna shimfiɗa busasshiyar ciyawa suna sauya ta. Suna da iyaka wadda suke yi wa alama da kashi, suna kuma faɗa da maƙwabta a kanta. 'Yan gida ɗaya suna goga wa juna warinsu har ya zama sun san nasu da baƙo. Mace takan haifi biyu ko uku wajen watan Fabrairu, kuma da yawa daga cikin 'ya'yan a gidan suke ci gaba da zama bayan sun girma.

Abinci shi ne tushen bambancin. Babban abincin dagen Turai a Ingila shi ne tana, wadda take fitowa da yawa a makiyaya mai laima da daddare. Wurin da tana take fitowa yana sauyawa daga dare zuwa dare, don haka dole dabba ta riƙe wurare da dama, amma duk wurin da ya yi albarka yana iya ciyar da dabbobi da yawa a lokaci guda. Ƙarin baki bai rage wa kowa komai ba, sai zaman tare ya yiwu. Shaidar wannan bayani ita ce, a kudancin Sifen, inda ƙasa ta bushe tana ta yi ƙaranci, wannan dabba takan zauna bibbiyu ko ƙungiya ƙarama. Dage kuwa ɓera guda yake tonowa bayan wahala, ba abin da zai raba da wani sai ɗansa.

6.0 Abin da Wannan Yake Nufi ga Mai Nazarin Harshe

Kama da wane ba ta wane. Idan mai fassara ya tarar da badger a littafin Ingilishi ya rubuta dage, ya ba ɗalibi dabba mai gida na gado da dangi da iyaka, alhali dagen da ke dajinsa ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Akwai kalmomi uku da suke buƙatar lura.

Ta farko ita ce iyali. A Hausa iyali mata da 'ya'ya ne da suke ƙarƙashin maigida, kuma kalmar tana ɗauke da ma'anar ciyarwa da ɗaukar nauyi. Idan aka ce iyalin dage, mai sauraro zai hango uba a tsakiya. Jinsin kalmar ma yana ƙarfafa wannan, domin dage namiji ne a nahawu, ana cewa ya tona, ya fasa. Abin da ya dace da gaskiyar lamarin shi ne uwa da ɗa.

Ta biyu ita ce garke. Wannan kalma tana nufin dabbobin da suke kiwo tare, don haka ba ta dace da dage ba, ba ta kuma dace da dagen Turai ba, domin shi ma idan dare ya yi kowa shi kaɗai yake fita neman tana.

Ta uku ita ce gandu. Tana kusa da zaman dagen Turai ta fuskar gida guda da ƙasa guda da gado, amma ginshiƙin gandu shi ne noma tare da rumbu guda, wanda babu shi a wurin dabbar. Zai fi kyau a ce 'yan gida ɗaya ne masu kwana tare, kowa da nemansa.

Haka kuma akwai labarin da ya yaɗu a littattafai cewa wani tsuntsu yana jagorantar dage zuwa saƙar zuma, dage ya fasa, su ci tare. Cewa tsuntsun yana jagorantar mutane tabbatacce ne: Isack da Reyer sun nuna haka a tsakanin Borana na Kenya a 1989, Spottiswoode da abokan aikinta kuma a tsakanin Yao na Mozambik a 2016. Game da dage kuwa, wani bincike na 2023 da ya tattauna da masu ɗibar zuma kusan 400 a ƙasashen Afirka tara ya gano cewa mafi yawansu ba su taɓa ganin haka ba, sai wasu al'ummu a Tanzaniya da suka ce suna gani. Bai kamata ƙamus ya kawo labarin a matsayin halin dage na kullum ba. Abin da aka tabbatar a Kalahari shi ne dila da wani shaho suna bin dage su cafke abin da ya kuɓuce masa yayin tono. Wannan cin arziki ne, dage bai gayyace su ba.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, ana iya ba da shawarar ƙamus na gaba ya bayyana dage kamar haka: dabbar daji gajera mai baƙin ciki da farin baya, dangin bodari, mai tono da cin ɓeraye da macizai da zuma, wadda take yawo ita kaɗai, uwa kuma take renon ɗa guda fiye da shekara ba tare da uba ba. Dabbar Ingila kuwa a kira ta dagen Turai, a kuma faɗi cewa zamanta dabam ne. Irin wannan tantancewa ita ce aka yi wa kalmomin nazarin harshe da adabi a littafin da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, kuma sunayen dabbobi sun cancanci a yi musu makamancinta.

Amfanin gyaran bai tsaya ga littafi ba. Mai amya da dage ya yi wa ɓarna yakan kafa tarko ko ya sa guba, yana zaton ya rage ɗaya daga cikin garke. Idan wadda ta faɗa tarkon uwa ce, an kashe biyu, kuma dabbar da take haihuwar ɗa guda ta rene shi fiye da shekara ba ta saurin mayar da gurbi. Masu kiwon zuma a Afirka ta Kudu sun rage wannan ɓarna ta hanyar ɗora amya a kan dandamali mai tsawon fiye da mita guda tare da ɗaure ta da kyau.

Aikin da ya rage shi ne na tattara bayanai daga bakin mafarauta da masu ɗibar zuma a Tungan Maje da ƙauyukan da ke kewaye da ita: sunan dabbar a Gbagyi da Koro da Gwandara da Fulfulde, da kirarinta, da tatsuniyoyin da take ciki, da abin da suka gani da idonsu game da uwa da ɗanta. Waɗannan dattawa suna raguwa kamar yadda dajin yake raguwa, kuma sassan harsunan Nijeriya na jami'o'inmu su ne suka fi dacewa su isa gare su.